DAGA TIRE ZUWA ALLON TITI: YADDA AKA MAI DA MACE KAYAN TALLA

Abin da ya jawo wannan rubutu wata 'yar muhawara ce da ta taso a taron ƙungiyarmu na watan jiya, bayan an gama maganar kuɗin wata-wata da ta gyaran magudanar ruwa. Wani dattijo daga cikin iyayenmu ya miƙe ya ce shi fa abin ya ishe shi, domin kullum zai tafi masallaci sai ya bi ta gaban wani kantin kayan shafe-shafe, inda aka manna wani ƙaton hoton mace, kafaɗa a waje, tana murmushi, wai tallan mai ake yi. Ya nemi ƙungiya ta tura wakilai su sa a cire shi. Kowa ya ce haka ne. Sai wata malamar makaranta daga ɓangaren mata ta nemi izini ta ce, "Baba, Allah Ya ƙara girma, maganarku dutse. To amma waccan ta jikin takarda ce, ba ta jin rana, ba ta jin maganar banza. 'Ya'yanmu da muke yi wa kwalliya da yamma, mu ɗora musu tire mu tura su ƙofar Poli fa, su wa zai cire?" Wuri ya yi tsit, har aka shafa fatiha ba wanda ya ba ta amsa.

Da yake an tashi ba matsaya, sai aka ɗora mana nauyin mu je mu tono asalin abin mu kawo wa jama'a a wannan fitowa, tun da masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Abu na farko da muka lura da shi kuwa shi ne, Bahaushe kalma ɗaya gare shi ga abubuwa biyun da dattijo da malama suka yi magana a kai. Abin da kamfani ke kashe wa miliyoyi a talabijin talla ne, abin da yarinya 'yar shekara 10 ke yi da farantin gyaɗa a ka shi ma talla ne. Da muka bi tarihinsu sai muka tarar hanyarsu ɗaya, wato a sa mace a gaba domin idon mai saye ya tsaya, sannan a miƙa masa kaya.

TALLAN DA MUKA GADA

A ƙasar Hausa ta da, kafin zuwan takarda da hoto, da murya ake talla. Mai magani ya tsaya tsakiyar kasuwa ya yi ta wasa maganinsa, mahauci yana nasa kirarin, sanƙira ya zaga gari da shela, dillaliya kuma ta ɗauki zannuwa da tasoshi ta bi gida-gida, tana shiga inda namiji ba ya shiga. Duk waɗannan bakinsu ne jarinsu. Ba wanda ya taɓa damuwa da kamannin dillaliya, abin da ake nema a wurinta amana da iya ciniki.

Sai kuma 'yar talla, wadda asalinta kulle ne. Matar aure ba ta zuwa kasuwa, amma ba ta naɗe hannu ba. Tana toya ƙosai, tana matsar man gyaɗa, tana yin ƙuli-ƙuli da daddawa da fura, yara kuma su ne ƙafafunta. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta zauna Ɓatagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta yi mamakin yawan dukiyar da ke juyawa a bayan katanga, har a 1969 ta kira abin ciniki na ɓoye. Wata Ba'amurkiya kuma, Enid Schildkrout, ta yi nata binciken a cikin birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, inda ta nuna cewa sana'ar matan kulle a kan yara ta dogara, kuma ribar tallan yarinya takan tafi ne wajen tara mata kayan ɗaki kafin aure. Wannan yana cikin dalilan da suka sa lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, iyaye mata da yawa suka saki 'ya'yansu maza suka riƙe mata. In yarinya ta tafi makaranta, wa zai kai furar?

To amma akwai wani ɓangaren da dukanmu mun sani, ba ma dai son faɗa ne. Ba a tura 'yar talla da busasshiyar fuska. Sai ta yi wanka, an sa mata kwalli da hoda da jan-baki, an ɗaura mata zane mai kyau. In ka tambaya a ce ai tsabta ce ke sa a sayi abinci. Gaskiya ne, amma kwalli ba ya ƙara wa ƙosai daɗi. An san samari sun fi tsayar da wadda ta yi ado, an kuma san talla hanya ce ta a ga yarinya, ko Allah zai sa a dace da mijin aure. Wani saurayin ma sai ya saye kayan duka domin kawai ta sami sukunin tsayawa hira, uwa ta ga tire ya dawo wayam ta yi murna ba ta tambaya ba. Ke nan tun kafin wani kamfani ya kafa allo a bakin titi, mu da kanmu mun riga mun gano cewa fuskar budurwa tana sayar da kaya. Abin da ya rufa wa wancan zamani asiri shi ne gari ƙarami ne, kowa ya san 'yar gidan wane ce, dattijon da ke zaune a dakali yana iya tsawata wa saurayi, kuma kafin magariba kowace ta koma gida.

ZUWAN KAMFANONI DA HOTO

Talla irin na zamani ya shigo Nijeriya ne tare da manyan kamfanonin Turawa. A 1928 aka kafa wani kamfanin talla mai suna West African Publicity, wanda daga baya aka san shi da Lintas, aikinsa kawai tallata kayan da ake shigowa da su. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta, kuma ta shafukanta ne Hausawa da yawa suka saba da ganin talla a rubuce da harshensu. A farkon al'amarin mai albashi ake farauta, wato malamin En'e da ma'aikacin jirgin ƙasa da dillalin gyaɗa, don haka namiji aka fi zanawa. Tsofaffinmu ba su manta da tallan keken Raleigh ba, wanda aka zana wani mutum yana ta dariya a kan keke, zaki na biye da shi ya kasa cim masa. Ka ga wannan ya faɗi wani abu game da keken, ko da kuwa da ƙarin gishiri.

A can ƙasashen da kayan ke fitowa kuwa, an riga an yi nisa a wata dabarar daban. A 1929 wani gwanin farfaganda a Amurka mai suna Edward Bernays ya karɓi kwangila daga kamfanin da ke yin taba Lucky Strike, domin a lokacin abin kunya ne a ga mace tana shan taba a fili, kamfani kuwa yana ganin rabin kasuwa ke nan yake asara. Sai ya shirya wasu 'yan mata suka shiga jerin gwanon bikin Ista a birnin New York suna busa taba, ya kuma sanar da 'yan jarida cewa wannan alamar 'yancin mata ce. Hotuna suka bazu a jaridu. 'Yan matan sun ɗauka 'yanci suke nema, alhali kasuwar wani suke buɗewa. A daidai waɗannan shekaru ne kuma masu sabulun Lux suka fara amfani da taurarin fim mata, suna nuna wa sauran mata cewa sirrin kyawun waɗancan yana cikin wannan sabulu.

Da wannan dabara ta iso Afirka sai aka raba sabulu gida biyu, Lifebuoy na namiji mai aikin ƙarfi da gumi, Lux na macen da ke son a kalle ta. Wani masanin tarihi, Timothy Burke, ya rubuta littafi guda a 1996 a kan yadda aka yi wannan rabo a ƙasar Zimbabuwe, kuma abin da aka yi can shi aka yi nan. Waɗanda suka yi kallon talabijin a shekarun 1970 da 1980 sun san Patti Boulaye da tallan Lux, a 2004 kuma aka ɗauki 'yar fim Genevieve Nnaji ta zama fuskar sabulun. Talabijin ɗin kansa a Ibadan ya fara a 1959, ya zo Kaduna a 1962, mu nan kuma abin ya kankama bayan an ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976. Inda talabijin bai kai ba kalanda ta kai. Shagon tela, shagon aski, garejin bakanike, teburin mai shayi, ko'ina ka duba sai ka ga kalandar wani kamfani a rataye da hoton mace.

A nan ya kamata mu yi adalci, domin ba kowane hoton mace a talla ne cin mutunci ba. In aka nuna mace sanye da atamfa ana tallan atamfa, ko tana girki ana tallan sinadarin miya, ai da ma ita ce mai amfani da kayan. Amma mene ne haɗin budurwa da tayar mota, ko batir, ko man inji, ko siminti? Ga ma'auni mai sauƙi da kowa zai iya gwadawa: ka rufe macen da tafin hannunka ka duba ko ka rasa wani bayani game da kayan. In ba ka rasa komai ba, to an sa ta ne kamar yadda masunci ke sa tana a ƙugiya. Ba ta da suna, ba ta da sana'a, ba a jin ta bakinta, wani lokacin ma ba a nuna fuskar, sai wani sashe na jiki kawai. Wannan shi ake nufi da mai da mace haja.

DA FARI YA ZAMA ABIN SAYARWA

Babu inda wannan talla ya yi mana ɓarna kamar wajen man bilicin. Mujallar Drum, wadda aka fara a Afirka ta Kudu a 1951 kuma aka riƙa buga ta Nijeriya daban, tana cikin manyan hanyoyin da tallan mayukan hasken fata ya bi ya shiga gidaje. Sunaye irin su Ambi da Satina da Venus de Milo duk iyayenmu mata sun san su. Salon tallan bai cika sauyawa ba. A nuna mace baƙa ita kaɗai cikin damuwa, sannan a nuna ta ta yi haske, ga wani mai kwat yana kallonta, ko ta sami aikin ofis. Wato da farko a gaya mata tana da ciwo, sannan a sayar mata da magani. Abin ya yi yawa a shekarun 1970 har Fela ya yi waƙa guda a kansa a 1976, mai suna Yellow Fever.

Likitoci sun daɗe da bayyana abin da ke cikin da yawa daga irin waɗannan mayuka. Akwai zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da ke cikin ma'aunin zafin jiki, wadda ke lalata ƙoda. Akwai sinadarin haidirokwinon, wanda in an daɗe ana shafa shi yakan bar baƙin tabon da ba ya fita. Akwai kuma magungunan kumburi masu ƙarfi da ke sa fata ta yi siriri, ta yi nanƙarwa, in an ji rauni ko an yi tiyata ta ƙi haɗewa da wuri. Afirka ta Kudu ta hana sa haidirokwinon a kayan shafa tun 1990. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata. Ko da yake asalin wannan adadi bincike ne da aka yi tsakanin 'yan kasuwar Legas, duk wanda ya leƙa layin masu kayan shafa a Kasuwar Wunti ya san mu ma ba a bar mu a baya ba. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan.

Kuma kada a ɗauka wannan talla ya mutu da mujallar Drum. A 2017 kamfanin Nivea ya kafa alluna a Nijeriya da Gana da Kamaru da Senegal, da wata tsohuwar sarauniyar kyau, Omowunmi Akinnifesi, har da na talabijin inda ake ganin fatarta tana haske yayin da take shafa man. Mutane suka yi ca a kai, musamman a Gana. A 2020 kuma matsin lamba ya sa kamfanin Unilever ya sauya sunan man Fair & Lovely ya koma Glow & Lovely. To amma fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata? Ba kamfani ba ne, mu ne. Mu ne muke tambayar 'yan ganin amarya, "Fara ce?" kafin mu tambayi halinta. Mu ne muke zuba waɗannan mayuka a cikin akwatin lefe. Kamfani ya tarar da ɓaraka ne a katangarmu ya shigo ta nan.

SARAUNIYAR KYAU, FIM DA WAYA

Gasar sarauniyar kyau ma 'yar gidan talla ce. Jaridar Daily Times ce ta fara ta a Nijeriya a 1957, kuma da aiko da hotuna aka fara, abin da ke ƙara wa jarida kasuwa. Wadda ta fara lashewa, Grace Oyelude, haifaffiyar Kano ce, daga baya ta tafi Ingila ta karanta aikin jinya ta dawo ta yi wa ƙasa aiki shekara da shekaru, amma har yau da hoton nan na 1957 aka fi tuna ta. A 2001 Agbani Darego ta ci gasar ta duniya, aka shirya kawo ta 2002 Abuja. Duk mun san abin da ya biyo baya. Wani rubutu na ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) ya fito a jaridar ThisDay a watan Nuwamba, cikin azumi, rikici ya ɓarke a Kaduna, mutum fiye da 200 suka rasa rayukansu, masu gasa suka kwashe 'yan matansu suka koma Landan suka yi abinsu. Masu gasar ba su fasa ba, talakawa Musulmi da Kirista su aka binne. Mu da muke zaune a unguwa irin Gwallameji, inda kowace ƙabila da kowane addini ke haya gida ɗaya, ya kamata mu riƙe wannan darasi da kyau duk lokacin da aka ce a je a cire wani hoto.

Daga shekarun 1990 kuma sai sana'ar ta dawo hannunmu. Bayan fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, harkar finafinan Hausa ta bunƙasa a Kano, 'yan kasuwar kaset kuma ba su daɗe ba suka gane cewa fuskar 'yar wasa a jikin kwali da fasta ita ke sayar da fim. Hotunan 'yan wasa mata suka koma sitika a gilashin bas da tankin acaɓa. Gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, amma abin lura shi ne, duk lokacin da aka sami abin faɗa yarinyar ake zagi ana kora, wanda ya buga fastar ya ci riba kuwa ba a ma san sunansa ba.

A shekarar 2001 ɗin ce kuma wayar salula ta shigo, yau ga shi Facebook da Instagram da TikTok suna aljihun kowa. Yanzu ba sai an kafa allo ba. Mai sayar da man haɗi, da mai kayan mata, da mai maganin ƙiba, sai su nemi yarinyar da ke da mabiya su ba ta wani abu ta yi musu talla da jikinta, a nuna ta kafin da kuma bayan. Wasu za su ce ai yanzu ita ke karɓar kuɗinta da hannunta. Haka ne, kuma akwai mata da yawa da ke sayar da turare da atamfa da abinci ta waya cikin mutunci, Allah Ya ƙara musu buɗi. Amma wadda jikinta ne jarinta, ranar da wata sabuwa ta fito kasuwarta ta watse, hoton kuwa yana nan ba ya gogewa.

ABIN DA DOKA TA YI

Hukuma ba ta yi shiru ba. Doka ta 55 ta 1988 ta kafa hukumar APCON domin kula da masu sana'ar talla da tace tallace-tallace. A 2022 aka sauya ta da ARCON, wadda ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallan Nijeriya daga 1 ga Oktoban shekarar. Wannan ya samar wa 'yan gida aiki, sai dai fuskar kawai aka sauya, aikin da ake sa ta bai sauya ba. A Ingila, daga watan Yunin 2019 an hana tallan da ke nuna mace ko namiji ta hanyar da ke ƙasƙantar da jinsinsu. A Kano kuma, a 2021 Hukumar Hisba ƙarƙashin Sheikh Harun Ibn Sina ta hana teloli da masu kanti amfani da mutum-mutumi wajen tallan tufafi, sai dai wanda aka cire wa kai. Ita kuwa Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya, ta 2003, ta hana sa yara talla a manyan titunan birni da manyan hanyoyi. A duba a gani, a cikin waɗannan duka wacce aka fi sakaci da ita? An fi saurin hukunta takarda da roba, yarinya mai rai kuwa tana nan tana bin motoci da tire.

MU DAWO GIDA

An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi a 1979, kuma zamanta a nan shi ya mai da Gwallameji daga ƙauyen bakin hanyar Dass zuwa garin ɗalibai. Yawancinmu ko iyayenmu wannan kasuwa muka biyo daga Kano da Katsina da Zazzau da Haɗeja, wani da teburin shayi, wani da tukubar tsire, wani da kayan miya, wani da aikin gini. Mun zo da al'adarmu ta talla, amma ba mu zo da garin da ke tsare 'yar talla ba. Nan dubban baƙi ne, wasu shekara biyu za su yi su tafi, ba wanda ya san 'yar gidan wane ce. Yarinya ta ɗauki masa ko awara ko dafaffiyar gyaɗa ta bi gidajen haya ɗaki-ɗaki, daga nan har Rafin Zurfi, a ce mata shigo ki karɓi kuɗinki, ko jira a kawo canji. Ba muna cewa ɗalibai mutanen banza ba ne, 'ya'yan mutane ne kamar namu, kuma masu ɓata yara da yawa ma ba ɗalibai ba ne, magidanta ne. Amma duk wanda ya daɗe a unguwar nan ya san aƙalla gida ɗaya da aka yi kuka aka rufe maganar don kunya.

Kuma kada a ɗora laifin a kan iyaye mata su kaɗai. Uwar da ta ɗora wa 'yarta tire ba muguwa ba ce. Maigida ne ya fita ya bar abin da ba zai kai azahar ba, ga kuɗin Islamiyya, ga biki, ga kayan ɗakin da in ba a cika shi da gado da kujeru da jere ba dangin miji su yi ta gori. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na kamfani.

Addininmu da tarihinmu ba su hana mace kasuwanci ko shahara ba. Nana Khadija (RA) attajira ce mai dukiyar kanta, ita ta ɗauki Manzon Allah (SAW) ya kai mata fatauci Sham. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da iliminta da 'Yan Taru aka san ta har yau. Ku ciro takardar naira 20 ku juya bayanta, za ku ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. Ita ma hoton mace ne, yana kuma hannun kowa tun 2007, amma ba wanda ya taɓa cewa a cire shi, domin an sa ta ne saboda aikin hannunta, ga kuma sunanta a rubuce.

Saboda haka ga shawarwarin da za mu gabatar a taro mai zuwa. Na farko, maganar Baba tana nan, a tura mutum biyu su sami mai kantin cikin lalama, amma kafin nan 'yan ƙungiya masu shaguna su fara duba bangon nasu shagon da irin man da suke sayarwa. Na biyu, mu yi alkawari tsakaninmu cewa ba yarinyar da za ta yi talla a lokacin makaranta ko bayan magariba, kuma ba shiga ɗakin kowa, ko nawa ne cinikin. Na uku, ɓangaren mata ya duba yadda za a yi amfani da kuɗin adashi a kafa rumfa ko biyu a bakin hanya, inda manyan mata za su riƙa sayar da kayan gidaje da dama, a kuma rubuta sunan mai masa da lambar wayarta a kai gidajen ɗalibai, mai so ya kira a aika masa ta hannun ɗan acaɓa. Ta haka mai sana'a za ta yi suna da daɗin masarta, 'yarta kuma tana aji. Na huɗu, mu magidanta mu ji tsoron Allah a kan kuɗin cefane, mu kuma rage gasar kayan ɗaki. Na biyar, a daina sa man bilicin a lefe, a kuma daina yi wa yarinya baƙa gori a cikin gida, domin tun daga nan ake fara sayar mata da shi.

Duk mai gyara ko ƙari a kan abin da muka kawo, ƙofa a buɗe take, a miƙa wa sakatare kafin ranar taro. Muna roƙon iyayenmu mata musamman su halarta, domin su suka fi mu sanin inda abin ke ciwo. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya rufa mana asiri, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.